Ku Tambaya Mu Amsa: Kaktus Ɗina Ya Langaɓe a Tukunya

Galibin wasiƙun da suka zo wa wannan fili a wannan karo a kan shuka ɗaya suke, wato kaktus, mai ƙayar nan da ake sayarwa cikin ƙananan tukwane a wurin masu furanni na bakin titi, wanda wasu ke kira murtsunguwa. Kukan ma kusan iri ɗaya ne: ya langaɓe, ya sunkuya, ya kwanta. Sai dai abin da ke kwantar da kaktus ya fi ɗaya, kuma maganin wani shi ne ajalin wani. Ga waɗanda muka zaɓo.

Tambaya daga wata uwargida a Zariya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina da wani kaktus dogo, tsayinsa ya kusa kamu ɗaya, a tukunyar roba a tsakar gida. Tun tsakiyar watan Agusta ya fara karkata, yanzu har ya jingina da bakin tukunyar. Na zaci ƙishi ne, na ƙara masa ruwa, sai gindin ya yi rawaya-rawaya, in na taɓa yana lotsawa. Akwai abin yi, ko ya tafi ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara ajiye butar tukuna, kada ɗigo ɗaya ya ƙara taɓa shi. Abin da kika kwatanta ruɓewar saiwa ce, ta riga ta hau gindi, kuma watan da kika ambata shi ne ya ba da shaida: Agusta ne tsakiyar damina, tukunyar na waje, ruwan sama na dukanta kusan kullum, ga shi roba ce ba ta tsotsar danshi.

Yana da kyau ki san yadda abin ke faruwa, don kada ya sake. Saiwa tana numfashi. Iskar da take shaƙa tana cikin ƴan ƙananan guraben da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cika waɗannan guraben ya zauna kwanaki, ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa su ke fara mutuwa, sannan ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙasa su samu ƙofar shiga. Matacciyar saiwa ba ta jan ruwa, don haka kaktus ɗin yana tsaye cikin ruwa amma jikinsa na ƙishi. Ruwan da ke cike a jikinsa kuwa shi ke riƙe shi tsaye, kamar salkar da aka cika. Da ya ragu sai jiki ya saki. Nan ne mai shi ke ganin yaushi, ya ɗauko buta, ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Yanzu sai a duba ko akwai abin ceto. Ki naɗe takardar jarida ninki huɗu ko biyar kamar ɗamara, ki zagaye jikinsa da ita ki riƙe bakunanta biyu, ki kwantar da tukunyar ki zaro shi. Ki karkaɗe ƙasar duka. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, tana da ƙarfi, ba ta wari. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ƙasa-ƙasa mai duhu, tana da yauƙi, in kin ja ta fatar na saɓulewa ta bar zare, wani lokaci kuma da ɗoyi. Da a ce ruɓar ta tsaya a saiwa kaɗai, da sai ki yanke duk wadda ta lalace, ki bar shi a inuwa kwana 4 zuwa 7 raunukan su bushe, ki sake dasa shi a busasshiyar ƙasa. Amma tunda gindin naki yana lotsawa, ba a saiwa kaɗai ta tsaya ba, kuma naman da ya ruɓe ba ya warkewa. Abin da za ki ceta shi ne kan.

Ki samu wuƙa mai kaifi marar haƙora, ko sabuwar reza in jikin siriri ne, ki goge ta da sipirit. Ki yanke shi kwance, kamar santimita 3 sama da inda laushin ya ƙare. Sai ki dubi fuskar yankan da kyau, a wuri mai haske. Za ki ga wani zobe a tsakiya: nan ne hanyoyin da ruwa ke bi zuwa sama, kuma ta nan ruɓa ke hawa a ɓoye, ta riga abin da ido ke gani a waje. In kin ga ko da ɗigo ɗaya ja, ruwan goro ko ƙasa-ƙasa a zoben nan ko kusa da shi, ki sake goge wuƙar da sipirit, ki ƙara yanke yanki mai kaurin santimita ɗaya. Ki ci gaba a haka har sai fuskar ta fito fes, fara ko kore mai haske, babu tabo. Kada tausayi ya sa ki tsaya da wuri. Ɗigon da kika bari shi zai cinye sauran a cikin mako biyu. Kuma goge wuƙar tsakanin yanka da yanka wajibi ne, don in ba haka ba da hannunki za ki kai cutar wurin da ba ta kai ba.

Da kin samu wuri mai tsabta, ki fere gefen yankan kaɗan a zagaye, kamar yadda ake fara fiƙe fensir amma ba a kai ga tsini ba, ba tare da kin taɓa zoben tsakiyar ba. Dalili shi ne naman tsakiya yana motsewa ya shige ciki in ya bushe, fatar gefe kuma ta tsaya ƙiƙam, sai a samu rami, gindin ya kasa taɓa ƙasa. Alhali daga wajen zoben nan ne sababbin saiwoyi masu ƙarfi ke fitowa. Ki barbaɗa garin farar wuta kaɗan a kan yankan in kina da shi, ko garin gawayi mai laushi. Wasu na sa kirfa. Ba ta cutarwa, amma iska ce mai yin ainihin aikin.

Ki tsayar da shi tsaye a wuri mai inuwa da iska, misali cikin kofin da bakinsa zai riƙe shi gindin na rataye bai taɓa komai ba. In kika kwantar da shi makonni, kan zai lanƙwashe yana neman sama, saiwa kuma ta ɓullo ta gefe. Mai kaurin babban yatsa zai bushe cikin kwana 7 zuwa 10. Mai kaurin damtse sai ya ɗauki mako 3 zuwa 4, kuma da damina a ƙara haƙuri. Alamar ya isa ita ce fuskar yankan ta yi tauri, ta bushe ƙayau kamar ɓawon ƙwarya. Sannan ki dasa shi a busasshiyar sabuwar ƙasa, zurfin santimita 2 zuwa 3 kawai, ki tallafe shi da duwatsu ko tsinke, kada ki ba shi ruwa tukuna. Bayan wata ɗaya ko biyu ki ɗan girgiza shi a hankali; in kin ji ya kama ƙasa, saiwa ta fito, sai ki fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Zai ɗan rame kafin nan, wannan ba komai ba ne, daga ajiyar jikinsa yake ci.

Tsohuwar ƙasar da ruɓaɓɓen gindin ki zubar da su nesa da sauran shukokinki, tukunyar kuma ki wanke ta da sabulu ki shanya a rana. In kuwa kin yanka har kusa da ƙoli kina ganin tabo, to sai haƙuri. Ki duba ko yana da ƴaƴa a gefe masu tauri, ki ɓalle su ki yi musu abin da muka faɗa. Baɗi kuma, daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, ki matsar da tukunyar ƙarƙashin rumfa ko baranda inda haske ke isa amma ruwan sama ba ya duka.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Katsina: An ba ni kaktus a wata kyakkyawar tukunyar tangaran da ba ta da huji a ƙasa. Wani ya ce in na zuba tsakuwa a gindinta ya wadatar. Gaskiya ne? Kuma wace ƙasa ta fi dacewa, tunda shukar hamada ce, ko rairayi zalla zan zuba?

Amsa: Malam, duka biyun a'a. Tsakuwa a gindin tukunya ba ta maye gurbin huji. Ruwan da ya sauka ba shi da mafita, yana nan kwance tsakanin tsakuwar, kuma ƙasar da ke sama tana tsotso shi. Ko a tukunya mai huji ma shimfiɗa tsakuwa a ƙasa ba ya ƙara tsiyayar ruwa: ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya faɗa cikin tsakuwa sai ta jiƙe sharkaf, don haka abin da tsakuwar ke yi shi ne ɗago wurin jiƙon zuwa kusa da saiwa. Ko dai ka sa a huda tangaran ɗin, ko ka dasa shi a ƙaramar tukunya mai huji ka zura ta cikin tangaran ɗin don ado, ka riƙa ciro ta duk ranar ban ruwa har ta gama tsiyaya. A kan hujin, guntun kasko ɗaya ko ɗan yankin ragar sauro ya isa ya hana ƙasa zubewa.

Mu dai tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba muka fi so, irin ta magina, a ce su huda gindinta kafin gashi. Jikinta na fitar da danshi kamar yadda randa ke yi, tana sanyaya saiwa, kuma nauyinta na hana dogon kaktus kifewa. Girmanta kada ya wuce faɗin kaktus ɗin da fiye da santimita 2 ko 3 ta kowane gefe. Babbar tukunya tana ɗauke da ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba, wadda za ta zauna a jiƙe tsawon lokaci.

Rairayi mai laushi, irin wanda iska ke tarawa ko wanda ake yin filasta da shi, yana cushewa ya toshe iska, ya riƙe ruwa fiye da yadda ake zato. Laka da jar ƙasar gini sun fi shi muni, suna ƙamewa kamar tubali. Ga haɗin da za ka iya yi da abin da ke kusa, ka auna da gwangwani ɗaya: biyu na yashin rafi mai gautsi, wanda ka tankaɗe da rariya ka zubar da garin ka riƙe manyan ƙwayoyin, ɗaya na ƙananan tsakuwa, marmara ko dakakken kasko, masu girman ƙwayar gero zuwa ta dawa ko sama da haka kaɗan, wato milimita 2 zuwa 5, ɗaya na baƙar ƙasar lambu ko takin da ya gama ruɓewa ya koma ƙasa, sai rabin gwangwani na ɓarzajjen gawayi. Ka wanke yashin da tsakuwar har ruwan ya daina fita da jirwaye. Ɗanyen taki ko wanda bai gama ruɓewa ba kada ya shiga, yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.

Gwajin haɗin ba wuya. Ka jiƙa shi ka dunƙula a hannu, ka buɗe: in ya wargaje ya yi, in ya zauna curi ka ƙara tsakuwa. A tukunya kuma, ruwan da ka zuba ya kamata ya ɓullo ta ƙasa cikin ƴan daƙiƙu. A sama ka rufe da tsakuwa zalla kaurin santimita ɗaya zagaye da wuyan kaktus ɗin, don wuyan shi ne inda ruɓa ta fi farawa. Kada ka binne shi fiye da zurfin da yake a da, kuma bayan dashe ka jira kwana 7 zuwa 10 kafin ruwan farko.

Tambaya daga wata ɗaliba a Maraɗi: Nawa mai faffaɗan jiki ne kamar tafin hannu a kan tafin hannu. An ce min kaktus ba ya son ruwa, shi ya sa tun sanyi ban ba shi ba. Yanzu da zafin Afrilu ya yanƙwane, tafukan sun zama sirara, na saman sun rataya ƙasa. Gindin dai da tauri.

Amsa: Ƴar'uwa, naki ƙishi ne na gaske, kuma taurin gindin shi ne albishir. Maganar cewa kaktus ba ya son ruwa an yanke ta ne rabi. Yana son ruwa sosai, abin da ba ya so shi ne zama a cikinsa. A daji saiwoyinsa na bazuwa nesa kusa da saman ƙasa, su kama duk yayyafin da ya sauka. A tukunya kuwa abin da kika ba shi kaɗai yake da shi.

Ƙasar da ta daɗe a bushe takan janye daga jikin tukunya ta daina karɓar ruwa, sai ki zuba ya bi ta gefe ya fita ki zaci ya sha. Saboda haka a wannan karo ki zaunar da tukunyar cikin roba mai ruwa zuwa rabin tsayinta, minti 20 zuwa 30, har ki ga danshi ya hau sama. Ki ciro ta ta tsiyaye, ki ajiye inda take samun hantsi amma ba ranar tsaka ba. Cikin kwana 3 zuwa mako 2 tafukan za su fara cika, su ɗago. In bayan mako 2 ba abin da ya sauya, kada ki ƙara ruwa. Ki zaro shi ki duba, don wata huɗu ko biyar na bushewa kan kashe ƙananan saiwoyi, kuma baƙar tukunyar roba a kan siminti da ranar Afrilu tana iya dafa su. In sun bushe sun zama kamar zare, ki yanke matattun, ki dasa shi a sabuwar ƙasa, ki bi shi da ruwa kaɗan har ya yi sababbi.

Don gaba, ki rabu da ƙirgen kwanaki ki riƙe tsinken tsire. Ki soka shi har gindin tukunya, ki bar shi minti biyar, ki zaro. In ya fito da sanyi, duhu ko ƙasa a manne, ki jira. In ya fito a bushe, ki ƙara kwana biyu, sannan ki ba shi ruwa sosai har ya zubo ta huji, ki zubar da wanda ya taru a faranti. A ƙaramar tukunyar ƙasa, wannan kan zo kusan kowane kwana 7 zuwa 10 da bazara, mako 2 zuwa 3 da damina in yana ƙarƙashin rumfa, mako 3 zuwa 4 da hunturu. Da zafi ki bayar da yamma liƙis ko da asuba, ba lokacin da ƙasar ke ƙuna ba. Kaktus da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa ya rufe su da rana don tattalin ruwa, kuma in darare suka yi zafi sosai da yawansu kan rage aiki, su sha kaɗan. Don haka tsananin zafi ba dalilin ninka ruwa ba ne.

Tafin da ya riga ya karye a gaɓa ba zai miƙe ba. Ki cire shi daga mahaɗar, ki shanya mako guda, ki kafa shi a ƙasa ya zama sabuwar shuka. Ki kiyayi ƙananan ƙayoyin nan nasa masu kama da gashi, sun fi manyan wahalar fita. In sun shiga hannu ki cire da matsefata, sauran ki manna salatif ki ɗaye.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Abuja: Nawa yana kan tebur a ofis. Da ƙulli ne zagaye, yanzu kansa ya yi tsini, ya yi fari-fari, ya miƙe siriri ya karkata wajen taga. Takin zamani zan sa masa?

Amsa: Kada ka sa, Malam, zai ƙara masa ciwon ne. Yunwar haske ke damunsa. Kaktus in bai samu isasshen haske ba yana miƙewa da sauri yana nema, sabon naman ya fito siriri, ƙayoyin su yi ƙanana su yi nisa da juna, har ya kasa ɗaukar kansa. Ɗakin da idonmu ke gani da haske, a wurinsa duhu ne: mita biyu daga taga, ga labule, ga gilashi mai duhu, abin da ke isowa gare shi ɗan kaɗan ne daga abin da ke waje. Taki mai yawan sinadarin naitirojin, musamman yuriya, zai tura shi ya ƙara tsawo da laushi.

Wurin da ya sirance ba zai sake kauri ba, ko me aka yi. Kana iya barinsa da ƙugunsa, sabon girma mai kauri ya ɗora a kai, amma nan ne zai karye wata rana. Mu shawararmu ka yanke siririn kan daga inda ya fara, gindin zai fito da ƴaƴa a gefen yankan, su kuma za su tashi da siffarsu ta asali in haske ya wadata.

Sai dai kada ka ɗauke shi daga tebur ka kai shi tsakar rana a yini ɗaya. Fatar da ta saba da inuwa tana ƙonewa, ta yi fari ko ruwan ƙasa, kuma tabon ba ya gogewa. Makon farko ka sa shi a inuwa mai haske a waje ko dab da taga. Mako na biyu awa 1 zuwa 2 na ranar safe. Na uku awa 3 zuwa 4. Taga ko baranda mai kallon gabas ita ce mafi dacewa a ƙasarmu, don ranar yamma da bazara tana da tsanani. Ka riƙa juya tukunyar kwata ɗaya duk mako don kada ya karkata. Bayan ya murmure, in kana son taki, rabin ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 a jiƙa cikin lita 5 na ruwa ya isa, sau biyu a shekara, lokacin da yake girma, a kan ƙasa mai ɗan danshi.

Tambaya daga wata amarya a Kaduna: Cikin kayan ado aka kawo min wani mai jan kai kamar tumatir a kan koren kara mai kusurwa uku. Karan ya fara laushi, kan ya sunkuya. In na cire jan kan na dasa shi daban zai rayu?

Amsa: Allah ya ba da zaman lafiya, amarya. Ba zai rayu ba, don abin da ke hannunki shuka biyu ce aka yi wa aure. Jan kan wani ƙaramin kaktus ne ɗan asalin Kudancin Amurka, irin wanda aka zaɓo saboda ba shi da koren sinadarin da shuka ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Shi ya sa launinsa ja ko rawaya. Koren karan ne ke ciyar da shi. Karan kuwa ba ɗan hamada ba ne, kaktus ne mai yaɗo yana hawa bishiya, don haka ya fi sauran son ruwa kaɗan, ya kuma fi son inuwa mai haske. Irin wannan haɗi ba ya daɗewa, ƴan shekaru ne, don ɗan guntun kara ne ke ɗauke da nauyin biyu.

Ki matsa karan daga ƙasa zuwa sama. In gindin kaɗai ya yi laushi, ki yanke shi sama da ruɓar, ki shanya, ki sake kafa shi da kan a jikinsa, kamar yadda muka bayyana wa Hajiya ta Zariya. In laushin ya kai sama, sai a yi wa kan sabon aure: a samu lafiyayyen kara mai saiwa, a yanke ƙolinsa a fere gefensa, a yanke siririn yanki daga ƙasan jan kan, a ɗora nan take kafin su bushe. Sharaɗin shi ne zoben tsakiyar wannan ya haɗu da na wancan ko da a gefe ɗaya ne. A ɗaure da robar ɗaure kuɗi guda biyu a gicciye, ta saman kan zuwa ƙarƙashin tukunya, a ajiye a inuwa kwana 10 zuwa 14, ruwa kada ya taɓa mahaɗar.

Tambaya daga wani matashi a Gombe: Akwai wani farin abu kamar auduga a tsakanin ƙayoyin nawa, kiyashi na ta hawa, kuma ya daina girma yana yaushi.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙwari ne, suna ɓoye cikin farin kakin nan suna tsotsar ruwan jikinsa, kiyashin kuma zaƙin da suke fitarwa yake bi, har yana kai su daga tukunya zuwa tukunya. Ka ware shi daga sauran yau ɗin nan. Ka tsoma auduga a sipirit ka goge duk inda ka gan su, da yamma, a inuwa, ka maimaita duk mako har sau 3 ko 4 don ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Man darbejiya ma na aiki: ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa da ɗigo uku ko huɗu na sabulun ruwa, a fesa bayan la'asar. Amma yana goge hodar nan mai shuɗi-shuɗi da ke jikin wasu nau'o'in kaktus, kuma in rana ta samu kaktus da mai a jiki yana ƙonewa. Tunda ka ce yana yaushi, ka zaro shi ka duba saiwa, don akwai irin da ke zama a can, za ka ga farin gari a jikin saiwar da cikin tukunya. In haka ne ka wanke saiwar tas da ruwa, ka shanya kwana 3 zuwa 4, ka sauya ƙasa da tukunya.

Tambaya daga wata uwa a Kano: Na yanke reshen nawa da ya lanƙwashe sai farin ruwa kamar madara ya fito. Lafiya kuwa? Ina da ƙananan yara.

Amsa: Hajiya, kusan tabbas naki ba kaktus ba ne, ɗan gidan su ƙyarana, tinya da aguwa ne, kama ce kawai ta haɗa su. Kaktus na ainihi ƴan nahiyar Amurka ne, in ban da iri ɗaya mai rataye a bishiya da ake samu a Afirka, kuma ƙayoyinsu na fitowa ne daga wani ɗan matashi mai gashi. Na dangin ƙyarana ba su da wannan matashin, ƙayarsu sau da yawa biyu-biyu take fitowa kai tsaye daga jiki. Farin ruwan yana ƙona fata, a ido kuma haɗari ne babba. In ya taɓa fata a wanke da sabulu nan da nan. In ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20, a wuce asibiti ba tare da jiran a ga yadda zai kasance ba. Ki ɗora shi inda hannun yaro ba ya kai, ki sa leda ko safa a hannu duk lokacin da za ki yanka. Kulawarsa kusan irin ta kaktus ce. Reshen da kika yanke ki ɗauraye bakinsa da ruwan sanyi har madarar ta tsaya, ki shanya mako ɗaya ko biyu kafin ki kafa.

Tambaya daga wani dattijo a Jos: Nawa ba shi da ƙaya, gaɓoɓinsa faffaɗa ne kamar ganye, yana fure wajen ƙarshen shekara. Ya yi laƙwas, gaɓoɓin sun yi ja-ja.

Amsa: Ranka ya daɗe, Baba, wannan shi ake kira kaktus ɗin Kirsimeti, asalinsa dazukan tsaunuka na kudu maso gabashin Brazil, inda yake tsirowa a kan rassan bishiyoyi da duwatsu, cikin inuwa da laima. Ratayowar rassansa halittarsa ce, amma laushi da ja alamar rana ta yi masa yawa ne, ko saiwa ta samu matsala. A mayar da shi inuwa mai haske, a duba saiwar. Ƙasarsa ta fi ta sauran yawan ruɓaɓɓen ganye, kamar rabi da rabi da yashi mai gautsi, kuma ana ba shi ruwa da zarar santimita 2 zuwa 3 na sama sun bushe, ba a jira ta bushe har ƙasa. Sanyin Jos ya fi masa daɗi a kan zafin Kano ko Sakkwato, sai dai a kare shi daga busasshiyar iskar hunturu. In saiwar ta tafi, a murɗe rassa masu gaɓa 2 ko 3, a shanya kwana 2, a kafa gaɓar ƙasa zuwa rabinta cikin ƙasa mai ɗan danshi. Cikin mako 3 zuwa 6 sukan kama.